Inci biyu sun hana mu buɗe gidan abinci

Jama'ar gida, ina gaisuwa. Gidan abincin da ni da maigidana muke ta haɗawa a nan Amurka har yau bai buɗe ba, kuma ba kuɗi ne suka yanke ba. Ƙofar banɗaki ce ta tsayar da mu.

Mai duba gini ya zo, wani siririn Bature da tef ɗin awo a ƙugu. Fentin da muka zuba wa kuɗi ko kallo bai ishe shi ba. Ya durƙusa ya auna ƙofar, ya ce inci 30 ce, doka kuwa 32 take so don keken guragu ya wuce. Ya fito waje ya duba gangaren da magini ya zuba mana, ya ce ya miƙe da yawa: duk inci ɗaya na tsayin dakali sai an ba shi inci 12 na gangare. A fasa a sake. Maigidana, dattijo da furfurarsa, ya shiga ba shi haƙuri irin namu na gida. Mutumin ya yi murmushi, ya miƙo takarda, ya kama gabansa. Ko ruwa bai sha ba. Kuɗin haya kuwa bai san an tsaya ba.

Wallahi na ƙulu. Tushen abin dokar ADA ce, wato dokar kare haƙƙin masu naƙasa ta Amurka, wadda Shugaba Bush babba ya sa wa hannu a 1990, kuma mai naƙasa na iya maka shago a kotu a kanta. Sai dai haushin kan ragu idan na ga bas ta rusuna ta shimfiɗo ƙarfe, makauniya ko gurguwa ta hau abinta, ba ɗan jagora, ba roƙo.

Ina kewar gida ta wani gefen, don a Kano kafin gurgu ya buɗe baki samari sun ciccibe shi da kekensa. Nan kowa harkar gabansa yake. To amma don me sai an ciccibi magidanci a gaban jama'a kafin ya shiga banki ya ciri kuɗinsa? Buhari ya sa hannu a tamu dokar a Janairun 2019, aka ba gine-gine shekara 5 a gyara su don masu naƙasa, wa'adi ya cika a 2024. Ku leƙa sababbin filaza ku gani: matattakala mai santsin tayil, buɗaɗɗen lambatu a bakin ƙofa, ga kuma hatimin hukuma raɗau a jikin zanen ginin.