Sharhi: masu kai baƙi ganin ganuwar Zazzau daga Kaduna

Wasu matasa a Kaduna suna haɗa mota ranar Asabar su kai mutane Zariya, tafiyar kusan kilomita 80, domin zagayen ganuwa. Aikinsu ya cancanci yabo, amma da sauran gyara.

Abin da ya fi burge mu shi ne ba sa tsayawa ɗaukar hoto a Ƙofar Doka kawai su juya. Jagoran yakan sauke baƙi a bayan ganuwa ya nuna musu gwalalo, ramin nan da ya kewaye ta. Nan ilimin yake. Ƙasar da aka haƙo daga ramin da ita aka tayar da ganuwar, shi ya sa kariyar ta zama biyu: maƙiyi ya faɗa rami mai sarƙaƙiya tukuna, sannan ya tarar da tudu a gabansa, masu baka suna kan badala, wato dakalin da ke jikin ganuwa ta ciki. A Ingila akwai tsofaffin wurare kusan 6,000 da aka kewaye da ramin ruwa, galibi gidajen masu sarauta, an fi gina su tsakanin shekarar 1250 da 1350. Da yawa ginin ya rushe, ramin da tudun kaɗai suka rage, kuma doka tana kare wasu daga cikinsu. Namu gwalalon kuwa an mayar da shi juji.

Suna tashi da asuba, kuma sun yi daidai. Kafin ƙarfe 9 rana tana ƙasa-ƙasa, inuwa takan fito da bakin ramin ko inda ya cike. Da rani aka fi gani, lokacin da ciyawa ta bushe.

Babban aibinsu: suna barin baƙi su hau ganuwa. Sawu yana fasa ɓawon jar ƙasar, ruwan damina ya bi tsagar ya ƙwaƙule gindi, sai ɓangare guda ya zube. Ganuwar tana cikin wuraren tarihin da hukumar adana kayan tarihi ta ƙasa ke karewa, bai kamata jagora ya ba da ƙofar ɓarna ba. Haka nan ya kamata su riƙa faɗa wa mutane illar ɗibar ƙasar ganuwa don tubali, da ta faci da siminti, wanda ke riƙe danshi har ƙasar ciki ta ruɓe.

Bayanin Sarauniya Amina da Turunku, tsohon mazaunin sarautar Zazzau, suna yinsa a gurguje, dutsen Kufena kuma daga nesa ake hango shi. Mai son Kufena ya nema tun kafin a tashi, ya sa takalmi rufaffe saboda ƙaya da kwalabe.