Koyil na kamfani ko na kasuwa: amsa ga mai tsohon Polaris Indy 500

Ɗan'uwanmu da ke Manitoba ta ƙasar Kanada ya yi tambaya a kan babur ɗinsa na ƙanƙara, Polaris Indy 500 ƙirar 1996 mai kafireta. Ya ce yana tashi lafiya da sanyin safiya, amma da injin ya ɗau zafi sai ya mutu, fulogi ba wuta, sai ya huce ya sake kamawa. An ce masa koyil ɗin da ke bayan fulawil (ƙarfen nan mai maganaɗisu da ke juyawa da inji) ne, wanda masu shago ke kira stator. Shin ya nemi na kamfani ko ya sayi na kasuwa?

Malam, alamar da ka faɗa ta yi kama da ta koyil, domin waya mai tsagewa a cikin naɗi tana haɗuwa in da sanyi, ta rabu in ta yi zafi. Duk da haka kada ka saya tukuna. Cire wayar makunnin kashe inji ka gwada, domin shi ma yana ɗauke wuta haka. Sannan ka sa mita ka auna naɗin, da sanyi da kuma lokacin da ya mutu, ka gwama da lambobin littafin gyaran wannan ƙirar. Akwatin CDI, mai tara wuta ya sake ta ga fulogi, shi ma yana iya yin wannan halin, kuma shaguna da yawa ba sa karɓar kayan wuta in an riga an ɗaura.

Koyil ɗin aiki biyu yake yi. Wani naɗin yana ba fitila da abin ɗumama hannu wuta, wani kuma yana cika CDI don fulogi ya yi tartsatsi. Naɗin fitila wayarsa mai kauri ce, kusan kowa na iya yin sa daidai. Naɗin tartsatsi kuwa waya ce siririya kamar gashi, zagaye masu yawan gaske, kuma a nan ne na kamfani da na kasuwa suke rabuwa.

Injin babur ɗinka Fuji na Japan ne ya ƙera wa Polaris, kuma koyil ɗin asali an yi shi ne daidai da wannan fulawil da wannan CDI. Ramukan kusoshi suna zama, soket yana shiga, launin wayoyi ya dace da zanen littafi. Babbar shaidarsa ita ce wanda ke jikin babur ɗinka ya yi kusan shekara 30 yana aiki. Matsalarsa samuwa. Kayan babura na shekarun 1990 da yawa an daina yin su, in ka samu sabo to ragowar wani dila ne, kuma kuɗinsa na iya kusantar rabin abin da babur ɗin zai yi a kasuwa. Na hannu da aka ciro daga wani babur kuma sa'an naka ne a shekaru, ya sha zafi da girgiza iri ɗaya. Ni ba na ƙirga shi a matsayin gyara, sai dai abin ajiya.

Na kasuwa ba abu ɗaya ba ne, kuma wannan ne mutane ke yawan haɗewa. Akwai masu suna da adireshi, irin su RMStator da Kimpex na Quebec, ko SPI, waɗanda ke rubuta ƙirar da kayan ya dace da ita, su ba da garanti. Akwai kuma marar suna da ake turowa ta intanet da araha, hoto ɗaya an jera masa babura barkatai. Na farkon zan iya ɗaura shi hankalina kwance. Na biyun wani ya yi shekaru, wani bai gama hunturu ɗaya ba, kuma ba yadda za ka gane daga kwali. Abin da ya fi damuna da shi ma taimin ne, wato lokacin da fulogi ke yin tartsatsi. In faifan da koyil ɗin ke kai bai zauna daidai inda na asali yake ba, wuta ta riga lokacinta, injin mai shan mai haɗe da baƙin mai irin wannan yana iya huda fistin. Kuɗin da ka rage a koyil sai ya tafi a buɗe inji.

Akwai hanya ta uku da na fi so ga tsohon babur: a sake naɗa naka. Kamar yadda rewaya ke naɗa koyil ɗin janareta a gida, a Amurka da Kanada akwai masu wannan sana'a, ka aika musu ta gidan waya. Ƙarfen da faifan na asali ne, don haka zama da taimin ba sa canzawa, waya ce kawai sabuwa. Sai dai jira, musamman in ƙanƙara ta riga ta sauka kowa ya kai nasa.

Inda kake hawa shi ne zai yanke hukunci. In zagayen gona ne kusa da gida, na kasuwa mai suna ya ishe ka. In kuwa kana shiga daji ko kan tafkin Winnipeg, inda sanyin Janairu ke kai 30 ƙasa da sifili, mutuwar inji can magana ce ta rai. A nan zan ce sabon na kamfani in ya samu, in babu a naɗa naka, marar suna kuma kada ya shiga lissafi.

Ko wanne ka zaɓa, sayi da lambar kayan da ta dace da injinka, ba da sunan babur kawai ba. Yi wa faifan alama kafin ka kwance shi, ciro fulawil da abin cire shi na musamman ba da guduma ba, duba maganaɗisun ko sun tsage, kuma ka auna sabon da mita tun yana hannu. Bayan ɗaurawa a duba taimin kafin ka buɗe wuta.