Zoom na kyauta: ya wadatar da mai aiki daga Jidda?

Ga wanda ke zaune a Jidda ko Makka yana aiki da ofis a Kano, Zoom na kyauta, manhajar yin taro ta bidiyo, ya wadatar, amma yana da iyaka. Yana ɗaukar mutum 100, sai dai taro na yankewa bayan minti 40. Google Meet na ba da minti 60 ga taron rukuni, don haka ya fi dacewa da doguwar tattaunawa.

Inda Zoom ya yi fice shi ne sauti. A Saudiyya ba a rabuwa da na'urar sanyaya ɗaki, kuma makirufo na kwashe gurnaninta. Shiga saitin sauti ka kai rage hayaniya matakin ƙoli, gurnanin zai ragu sosai. Amsa-kuwwa kuma yawanci daga na'ura biyu take a ɗaki ɗaya, ko lasifika kusa da makirufo, kuma abin sawa a kunne na maganinta. A kwamfuta mai Windows, Alt+A na rufe makirufo. Idan a rufe yake, danne dogon maɓallin tazara ka yi magana, ka saki ya koma rufe.

Idan murya ta fara tsinkewa, kashe HD, wato saitin hoto mai inganci sosai, in bai gyaru ba ka kashe bidiyon. Fuskanci taga, kada ka ba ta baya, domin hasken ranar Jidda zai duhunta fuskarka.

Wajen sa lokaci, Saudiyya na gaban Najeriya da awa 2, kuma hutun ƙarshen mako a Saudiyya Juma'a da Asabar ne, saboda haka Litinin zuwa Alhamis kaɗai kuka haɗu.