Saƙo Daga Legas: Kocin Da Ya Mayar Mana Da Kuɗinmu Saboda Idon Da Aka Dasa

Tun da aka sallami ɗan Yayana daga asibiti bayan an yi masa dashen ido a nan Legas, kusan duk wanda ya bugo mini waya daga gida, da zarar an gama gaisuwa da tambayar mai jiki, abin da ke biyo baya shi ne yaushe yaron zai koma fage. Na fahimci dalilin tambayar, domin gidanmu gidan mahauta ne, dambe kuwa gadonmu ne, kuma yaron ya fara yin suna a cikin sa'o'insa kafin ganinsa ya raunana. Amsar da zan bayar a bainar jama'a, don kowa ya ji lokaci guda, ita ce ba zai sake naɗe hannu ya tsaya gaban wani ba, ko bana, ko baɗi, ko bayan shekara 20. Abin da ya sa na ga ya dace in rubuta kuwa shi ne, wanda ya tsaya kai da fata a kan wannan magana mutum ne da kuɗinmu zai shiga aljihunsa da ya yi shiru.

Ba ƙwayar idon aka cire masa aka sa wata ba, kamar yadda na ji ana faɗa a gida. Tantanin nan mai garai-garai da ke rufe baƙin ido, wanda likitoci ke kira koniya, shi ne ya yi ta sirancewa yana turowa gaba har ya yi tsini, tabarau kuma ya daina yi masa amfani, kuma likita ta ce yawan murza ido da ya yi tun yana ƙarami saboda ƙaiƙayi yana cikin abin da ya ƙara ta'azzara ciwon. An yanke tsakiyar tantanin a kewaye, faɗin kamar milimita 8, aka ɗora na wani mamaci a gurbin, aka ɗinke da ɗinki 16 na zaren da ya fi gashin kai siranta.

Da watanni suka ja, gani ya fara washewa, sai zaman gida ya ishe shi. Shi da kansa ya kawo shawarar cewa tun da an hana shi dambe, a bar shi ya koyi takwando, domin ya gani a waya cewa 'yan wasan suna sa hular kariya da sulken ƙirji. Muka tafi wani ɗakin horo da ke Surulere, kusa da babban filin wasa na ƙasa. Kocin dattijo ne Bayarabe, a bangon ofishinsa akwai hoton Chika Chukwumerije, wanda ya ciyo wa Najeriya lambar tagulla a takwando a gasar Olamfik ta Bejin a 2008. Na ƙirga kuɗin rajista na ajiye a kan tebur, shi kuwa bai ko kalle su ba, sai ya miƙo takarda mai tambayoyi a kan lafiyar ɗalibi. Da muka zo kan tambayar ko an taɓa yi wa yaron aikin tiyata, na faɗi gaskiya, nan take ya ajiye biro, ya taso ya kama kafaɗar yaron ya juya shi wajen taga, ya sunkuya yana duban idon ba tare da ya taɓa shi ba. A cikin hasken nan ni ma na ga zaren ɗinkin sun kewaye baƙin idon, sirara, kowane da ɗan tazara tsakaninsa da ɗan'uwansa. Ya koma kujerarsa, ya sa yatsa biyu ya turo mini kuɗin har bakin tebur.

Yaron ya raɗa mini cewa, "Baffa, ko don ya ga mu Hausawa ne?" Ban ga laifinsa ba, domin duk ɗan Arewan da ya zauna a garin nan ya san irin kallon da ake yi mana a wasu ofisoshi. Amma dattijon ya ce da ni, "Alhaji, hular da yaronka ya gani tana kare ƙoƙon kai da kunne, fuska kuwa a buɗe take, kuma a wasanmu shurin kai shi ya fi kawo maki. Diddige ko babban yatsan ƙafa yana shiga kwarmin ido daidai wa daida. Ba zan karɓi sisinka ba sai na ga takardar likitan da ya yi aikin." Bai tsaya nan ba, ya yago takarda ya rubuta tambayoyin da yake so mu kai asibiti: wane irin dashe aka yi, duka kaurin tantanin aka canza ko sashensa, yaushe za a cire zare, wane motsi aka yarda da shi, wane ne kuma aka haramta har abada. Shekaruna da yawa ina kasuwanci a Legas, garin da ko tambayar hanya za ka yi sai wani ya nemi na goro, ban taɓa ganin an mayar mini da kuɗi don a tsare lafiyar ɗana ba sai ran nan.

Likitar da muka kai wa takardar ta yi murna da ita, ta kuma zaunar da mu ta yi bayani dalla-dalla. Ta ce tantanin ba shi da jijiyoyin jini, shi ya sa yake garai-garai haske ke ratsa shi, kuma shi ya sa rauninsa ke jinkirin warkewa, har zare kan yi shekara ko fiye kafin a fara cirewa. Ko an cire zaren, mahaɗar da ke tsakanin sabon tantani da tsohon ba ta komawa ƙarfinta na asali har ƙarshen rayuwa. Ta kwatanta shi da ƙwaryar da ta fashe aka ɗinke, za ta riƙe fura shekara da shekaru, amma ranar da ta faɗi a kan ɗinkin za ta buɗe. Naushin da zai bar wa mai lafiyayyen ido kumburi na mako guda yana iya tsinka mahaɗar ga wanda aka yi wa dashe, abin da ke cikin idon ya fito waje, ganin da aka sha wuya aka samu ya tafi a cikin daƙiƙa ɗaya, kuma an sha ganin haka bayan shekaru masu yawa da yin aiki. Akwai dashen da ake canza sashen tantanin kawai, wanda ya fi jure bugu, amma na yaronmu duka kaurin aka canza. Saboda haka ta rubuta cewa babu dambe, babu damben zamani, babu karawa a takwando ko kareti, babu kokawa da judo ma, domin a can gwiwar hannu da yatsa da goshin abokin karawa ba su da shamaki.

Abin da ta yarda da shi, shi ne kocin ya ɗora shi a kai. Yana koyon jerin motsin da ake yi ba tare da abokin karawa ba, wanda 'yan takwando ke kira pumse, kuma wannan fanni yana da gasarsa ta duniya tun daga 2006, don haka ƙofar suna ba ta rufe masa ba. Yana dukan babban buhun horo mai nauyi, amma an hana shi ƙaramar ƙwallon nan da ke dawowa fuska, an kuma hana shi riƙe wa wani matashin shuri. Wurinsa a kusurwa yake, nesa da masu karawa, da ƙyalle ɗaure a goshi don kada gumi ya gangaro ya sa shi murza ido. Na ga ranar da ya shigo ya manta tabaransa na kariya a gida, kocin ya sa shi ya zauna a benci har aka tashi.

Wannan tabarau kuwa ya ba ni wahalar da ta sa na tuna cewa a Legas nake. Wanda ake so na roba ne mai tauri da ake kira folikabonet, mai kewaye ido da maɗauri ta ƙeya, kuma likita ta ce in duba alamar ASTM F803 a jikinsa, domin tabarau na gilashi idan ya fashe a fuska ya fi rashinsa illa. Masu talla a ƙarƙashin gadar Oshodi sun yi ta rantse mini cewa baƙin tabaransu shi ne, wani ma ya kawo mini na masu walda. Da na samu na gaskiya a wani shagon tabarau, kuɗinsa ya kusa na tunkiya. Haka maganin ɗigawa, wanda zai daɗe yana sa shi don kada jiki ya ƙi sabon tantanin: duk zuwa kantin magani farashi ya canza, ga fargabar jabu, sai na tsaya na duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Maganin kansa yana iya ɗaga hawan jinin ido, don haka zuwa awo ba ya yankewa, kowane zuwa kuma sai ka biya kuɗin kati kamar yau aka fara ganinka. Hanya ma abin tsoro ce. A cikin danfo mutum huɗu ake cusawa a kujerar uku, kwandasta yana miƙa hannu ta saman kawuna yana karɓar kuɗi, gwiwar hannunsa tana wucewa dab da fuskar yaron. Mun samu sauƙi da jirgin ƙasa na Red Line da ya fara jigila ta Agege a 2024, duk da haka ba ya fita ƙofar gida sai da tabaran a fuskarsa.

A irin waɗannan ranaku nakan yi kewar gida sosai. Da a gida aka yi jinyar nan, da ɗakin bai rabu da masu sannu ba, wannan ta aiko da kunu, wancan ya zo ya taya hira har dare. A nan maƙwabcin da muke bango ɗaya da shi bai san an yi wa yaron aiki ba, ba don 'yan'uwanmu na Zangon Agege da abokan sana'a na mayankar Oko-Oba ba, da kaɗaici ya yi masa yawa. Kuma har gobe idan na ji kalangu bayan la'asar sai tsigar jikina ta tashi.

Amma son da nake yi wa dambe shi ne ya sa dole in faɗi abin da ke damuna. A wane gidan dambe ne, a gida ko a nan cikin 'yan'uwanmu na kurmi, ake tambayar yaro lafiyar idonsa kafin a sa shi a fage? Ana tambayar ɓangarensa a dambe, ko ɗan Kudu ne ko ɗan Arewa, wato Jamus, ko Guramada, ana duba naɗin hannu, sai a buga turmi. Dukkanmu mun san 'yan damben da ido ɗaya ya riga ya yi fari, suna shiga da sauran ɗayan, makaɗa na zuga su, mu kuma muna liƙa kuɗi muna jiran kisa. Idan yaro ya ce likita ya hana shi, sai a ce tsoro ne, a yi masa gorin ubansa da kakansa har sai ya naɗe hannu. Mun ɗauka ranar da aka cire bandeji ranar aka gama jinya. Yanzu da ake ɗaukar dambe a bidiyo ana kallonsa a YouTube har ƙasashen waje, kuɗi kuma sun fara shigowa, masu gidajen dambe ba su da uzurin rashin yin tambaya guda kafin su karɓi sabon yaro.

Abin da muke yi bayan bugu ma ya fi bugun ban tsoro. Da an naushi mutum a ido sai wani ya hura numfashi a gefen riga ya danna masa, wata ta kawo nonon mai jego, wani ya ce a sa ruwan sukari ko kwalli. Ga wanda aka yi wa dashe, wannan dannawar kaɗai ta isa ta ƙarasa idon. Kocin ya koya wa dukkan ɗalibansa cewa idan tsautsayi ya faɗa wa yaron, kada a taɓa, kada a wanke, kada a ɗiga komai, a kifa wani abu mai tauri kamar gindin kofin roba a kan ƙashin da ke kewaye da idon a manne, a wuce asibitin ido a lokacin. Ko babu bugu, idan idon ya yi ja, ko haske ya fara damunsa, ko gani ya dushe, ko ya ji zafi, a ranar ake ganin likita, domin alamun jiki ya fara ƙin tantanin ke nan, kuma idan an yi sauri ana iya shawo kansa da magani.

Masu cewa in ya lalace a sake wani ba su san yadda aka samu na farkon ba. Tun 1905 wani likita mai suna Eduard Zirm ya yi dashen tantanin ido na farko da ya yi nasara, amma har yau a ƙasarmu samun tantanin shi ne babbar matsala. Akwai ma'ajiyar ido a Ikeja, sai dai masu yin wasiyya da idanunsu ba su da yawa, a cikinmu kuwa ban taɓa jin ana ko zancen ba, alhali Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya da ke Jidda ta halatta dashen gaɓa daga mamaci tun 1988, idan shi ko magadansa sun yarda. Na yaronmu daga ƙasar waje aka kawo shi, da dala aka biya, kuma ba ya wuce kamar mako biyu a ajiye cikin sanyi, shi ya sa da aka kira mu ba mu tsaya shawara ba. Yaya ya san abin da ya sayar kafin kuɗin su cika. Dashe na biyu kuma jiki ya fi saurin ƙinsa a kan na farko.

Don haka, Yaya, idan Allah ya kai mu Babbar Sallah zan turo shi gida ya yi mako biyu, da maganinsa da tabaransa da kwafin takardar likita. Ina roƙonka ka kai takardar wurin Sarkin Fawa da kanka a karanta masa, don maganar hana shi fage ta fito daga bakin manya kafin abokansa su fara zuga shi, kuma ko kallo zai je ya zauna daga baya, nesa da turmutsutsu da ƙura. Kada ya wuce ranar da zan faɗa muku, domin da dawowarsa likita za ta duba ko lokacin fara cire zare ya yi, ta kuma riga ta gargaɗe mu cewa makonnin da ke biyo bayan cirewar sai an ninka kula, ko buhun horo ba zai taɓa ba sai ta sake rubuta wa kocin takarda.