Zabon ya yi daɗi, amma ku tanadi haƙuri kahin ya iso tebur

Salamu alaikum ƴan uwa. Tunda anka buɗe sabon reston nan na masu hannu da shuni a nan Maradi mutane ke ta tambayata wai Hajiya ke da girkin biki ne sana'arki mi kika gani, ya cancanci kuɗɗin ko hitilu ne kawai da sanyin kilim. To na je na ci, kuma abin da na gani shi ne wanda ke cikin kicin ya san aikinshi sarai, matsalar tana tsakanin ƙohar kicin da tebur. Sunan wurin kam ba zan faɗa ba, ban zo kashe ma kowa kasuwa ba.

Mu huɗu ne, ni da maigida da Yayana da ya zo daga Yamai shi da matarshi Anti, bayan isha'i munka tahi. Wurin dai masha Allah ba laihi, akwai filin aje mota da mai gadi, akwai ɗan wurin salla da butoci masu tsabta, bayin mata ma na leƙa shi da gangan don nan ne nike gane gaskiyar kowane wurin abinci, kuma fes yake har da sabulu. Muna zaune kuran ya ɗauke, kahin mu gama salati gurup, wato janareta, ya tashi. Wannan kam tun 2023 da Najeriya ta yanke muna wuta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli duk mai sana'ar kirki a garin nan ya koyi darasi, ko gurup ko sola. Hitilun ne dai sunka rage ma haske wai gayu, Yaya sai da ya kunna tocilan waya kahin ya iya karanta meni.

Tun daga bakin ƙoha abin ya fara ba ni haushi. Yaron da ya tarbe mu ya dubi Yaya da kwat ɗinshi ya dubi maigida da babbar riga, sai ya juya ma maigida baya ya kama zuba ma Yaya Faransanci, alhali maigida ne ya kira ya kama teburin kuma shi ne mai biya. Ko sannunku da zuwa babu. A Maradi hwa muke, garin da Alhazan da ke cika tireloli da kaya su aika Kano ko Kwatano da yawansu da Hausa suke cinikin miliyoyi, in ka raina babbar riga a nan to wa kake jira ya zo ya ci abincin naka? Menin ma kaf da Faransanci, ba ko layi guda na Hausa a ƙasa, ni da na yi lakkwal na karanta amma na tuna da irin su Inna da in anka kawo su nan sai dai su nuna hoto da yatsa.

Yaya ya ce giwan ruwa yake so, Anti ta ce aceke da kaza, maigida ɗan akuya, ni kuma zabo don shi ne jarrabawar mai gashi. Yaron bai rubuta komi ba, wai ya riƙe a kai. Muna nan zaune har labarin ƴan uwa na Tasawa da na Tibiri ya ƙare, sai ga shi ya dawo wai kihin babu, motar da ke kawo shi daga Yamai ba ta iso ba. Haba ɗan nan, ai tun da sahe kicin ya san babu, mi zai hana a gaya maka kahin ka zo gaban baƙo? Kuma ni abin da ban gane ba, a ɗauko kihi daga sama da kilomita 600 cikin ƙanƙara ga tabkin Madarunfa nan kusa da mu, ko tarwaɗa ce mai rai anka gasa da kyau ai ta hi wanda ya kwana a hanya. Yaya dai ya haƙura ya ce a ba shi zabo shi ma. A lokacin nan wasu ƴan poroje sunka shigo da farar motarsu, bayanmu da nisa, amma wallahi kahin a kawo muna ko ruwa har an jera musu burodi da man shanu. Na ƙyale don Anti ta taka min ƙafa a ƙarƙashin tebur.

Abin buɗa baki munka fara da shi, kopto da salatin cuku. Kopto a 2.500 F, abin da yarinya ke sayar miki na dala ashirin a ƙohar gida, sai da na yi dariya. Amma gaskiya an gyara shi, an zubar da ruwan farko na zogalen shi ya sa ba ɗaci, ƙuli-ƙulin sabo ne ba mai warin tsohon mai ba kuma an daka shi da ɗan tsaki-tsaki yadda za ki ji shi ƙarƙashin haƙori. Cukun kuma an ɗan gasa shi anka karya bisa tumatir da kokombur, dabara ce mai kyau, na ma ɗauke ta zan gwada a bikin da ke gabana.

Sai zabo, 8.000 F. Duk mai girki ta san naman zabo ba shi da kitse, ki ɗan yi sakaci da wuta ƙirjin ya bushe ya zama igiya, ki ji tsoron wuta kuma cinyar ta hito da jini a jikin ƙashi. Wannan kuwa na tsaga ƙirjin da hannu ruwa ya biyo yatsana, fatar ta yi ja tana ƙaras-ƙaras, kuma yajin ya shiga har ƙashi, na ji citta da masoro da kanumfari da ɗan kimba kaɗan wadda ba ta danne sauran ba. A ganina sun kwana da shi cikin kayan ƙamshi sannan sunka ɗan turara shi kahin ya hau gawayi, kuma gawayi ne na gaske ba gas ba don ƙamshin hayaƙin ba ya ɓuya. Albasar da anka lulluɓe shi da ita irin ta Galmi ce mai ruwan shuɗi-ja, an soya rabi an bar rabi ɗanye da ruwan lemun tsami da mutardi kaɗan, wallahi ita kaɗai za ki ci burodi da ita. Ɗan akuyan maigida ma na ɗanɗana, 7.500 F, sun ce jar akuyar Maradi ce wadda duniya ta sani saboda fatarta, an dafa ƙafar a hankali har nama na zamewa daga ƙashi kuma ba ƙarni ko kaɗan. Maigida da ba ya yabon abincin waje sai da ya ce a kira mishi mai girkin ya yi mishi sannu, ba a dai kira shi ba.

Aceken Anti ya bushe. Firit kuwa sun yi sanyi sun yi laɓo-laɓo kamar tsumman da ya kwana cikin ruwa, da gani tun magariba anka soya su. Bisap sukari ya yi yawa, lemun-hari ya yi daidai.

Amma babban abin da ya ɓata min dare shi ne yadda anka kawo abincin. Nawa ya fara zuwa, can sai na maigida, can na Anti, na Yaya shiru. To ta yaya ni ƙanwa zan sa hannu cikin nama babban wana na zaune gabanshi wayam, kuma shi ne baƙon da anka zo dominshi? Yana ta cewa ku ci mana kada ya huce, mu kuma muna ta cewa a'a Yaya bari naka ya zo, zabon nan mai tsada yana ta hucewa muna kallo. Wannan ba sai an je makarantar otel ba, duk yaron da ya tashi gidan Bahaushe ya san babba ake fara aje ma kwano. In ba za a iya kawowa tare ba a riƙe duka a kicin. Sannan sunka jera muna wuƙa da cokali mai yatsu kala-kala amma ba ruwan wanke hannu, wa ke cin zabo da wuƙa dan Allah?

Wata ƴar yarinya ce ta cece su, da alama ma sabuwa ce don tana can tana goge kofuna. Ita ta lura da mu ta zo ta ɗan rusuna ta ce "Tanti sannunku da haƙuri, bari in dubo na Baba." Ta shiga kicin ta hito da farantin Yaya da kanta, ashe yaron farko ya manta bai ma canza komandin kihi zuwa zabo ba sai daga baya. Ta kawo roba da buta da sabulu ta zuba muna ɗaya bayan ɗaya ta faro daga Yaya, ta tambaye ni ko a mayar da nawa bisa wuta, na ce ɗiyata bar shi kada ya bushe, ta kawo yaji daban cikin ɗan kwano ba tare da an roƙa ba. Ni ma ina da ƴan mata da ke taya ni raba abinci a biki, kuma na san irin wagga ɗabi'a ba ta da wuyar koyarwa, sati guda ya isa in mai wurin ya damu.

Da anka zo biya kuma wani sabon zance. Lissahina a kai wajen jikka 40 ne, faktir ta zo 47.600 F. Ashe farashin da ke cikin meni ba TVA ciki, sai a ƙasa sunka ɗora kashi 19 cikin 100. Harajin gwamnati ne ban ce kada a karɓa ba, amma a rubuta farashin gaskiya tun farko mutum ya san abin da ya taka, akwai wanda zai zo da kuɗɗinshi ƙidaye ya ji kunya gaban baƙi. Har da kwalbar ruwa da anka buɗe ba mu tambaya ba. Maigida ya sa anka kira jeran, wato mai kula da wurin, shi kam mutumen kirki ne, ya zo ya gaishe mu da Hausa yana Alhaji a yi haƙuri Hajiya a yi haƙuri, ya cire kuɗɗin ruwan, ya ce yaran ne ba su zama, da an koya musu sai su tahi. Na ce mishi ɗan uwa in ana biyansu da kyau kuma ana ba su abinci mai kyau su ci za su zauna, ya yi dariya bai ce komi ba. Suna karɓar biya ta waya, wannan ya taimaka don a kes ɗin ba su da canji. Tukuicin yarinyar nan a hannunta na damƙa mata, ban bar shi bisa tebur ba.

Zan koma saboda zabon da ɗan akuyan, amma ba da baƙon da nike jin nauyi ba sai sun gyara. In za ku je ku kira tun da rana ku tambayi abin da ke akwai ku ce a sa muku zabo bisa layi, ku tambaya ko farashin da TVA ne, kuma ku faɗa ma yaron tun farko cewa a kawo na kowa tare. Firit kam kada ku ɓata kuɗɗinku, ku ce a musanya muku da dambu.