Warfarin da Flagyl: yadda ake yi a Ingila, da abin kiyayewa a Sakkwato

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida.

A nan Ingila ba a sayar da ƙwayar antibayotik sai da takardar likita. Mai shan warfarin, maganin tsinka jini, ana ba shi ɗan littafi ruwan ɗorawa da ake rubuta sakamakon awonsa na INR (awon da ke nuna yadda jini ya tsinke), kuma mai ba da magani kan nemi ganinsa. Ƙwayoyin warfarin ma kowace da launinta: miligiram 1 ruwan ƙasa, 3 shuɗiya, 5 ruwan hoda. Na gida ba lalle su zo da wannan launi ba, a karanta lambar da ke jikin kwali. Awon kuwa kyauta ne, a wurare da yawa ɗigon jini ne daga yatsa, nan take an ga sakamako.

A gida fa? Zawo ya kama dattijo, a aiki yaro kemis ya sayo Flagyl ko Septrin, ba wanda ya tambayi me Baba yake sha. Waɗannan antibayotik biyun suna cikin mafi haɗari ga mai shan warfarin. Hanta ce ke narkar da warfarin, su kuma sai su rage mata wannan aikin, magani ya taru a jiki. Ga antibayotik na kashe ƙwayoyin hanji masu samar da bitamin K, wanda jini ke buƙata kafin ya daskare, ga majinyaci ya daina cin miyar zogale da alayyafo masu ɗauke da bitamin ɗin. INR da ake so yawanci tsakanin 2 da 3 sai ya haura cikin 'yan kwanaki, jini ya tsinke fiye da kima. Cipro da ake yawan sha don taifot da erythromycin su ma suna ɗaga shi. Rifampicin na tarin fuka akasin haka yake: yana karya ƙarfin warfarin, jini ya yi gudaji.

In antibayotik ya zama dole, a faɗa wa likita ana shan warfarin, a yi awon INR kwana 3 zuwa 5 da farawa, a sake bayan an gama. Kada mutum ya rage ƙwayar warfarin da kansa. Don Allah a bar diclofenac da ibuprofen, suna ƙara zubar jini a ciki. Paracetamol ya fi sauƙi.

Dasashi na jini wajen asuwaki, haɓon da ya ƙi tsayawa bayan minti 10, fitsari ja, bayan gida baƙi kamar kwalta, ko ciwon kai mai tsanani bayan faɗuwa: kada a jira gari ya waye. A nufi sashen gaggawa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko babban asibiti mafi kusa, a tafi da kwalayen magungunan duka.