Tayoyin hunturu a Jamus: sun ci kuɗinsu

Duk baƙon da ya sayi mota a nan Jamus sai ya yi wannan tambayar: ga tayoyi lafiyayyu a jikin mota, me zai sa a sake sayen wasu huɗu don 'yan watannin sanyi? Na yi hunturu da su a motata ƙirar Golf a jihar Bavariya, kuma amsata ita ce a saya, ko da za a ɗan matse aljihu.

Mutane na ɗauka don dusar ƙanƙara kawai aka yi su. Ni kuwa a safiyar sanyi, titi jiƙe ba ƙanƙara, na fi jin amfaninsu. Da zarar sanyi ya sauko ƙasa da digiri 7, robar tayar bazara takan sandare, ta daina kama kwalta yadda ya kamata. Ta hunturu an haɗa ta da roba mai laushi, ga 'yan tsage-tsage birjik a jikin zanenta da ke cizon titi. Ka taka birki a danja, motar ta tsaya inda ka nufa. Ka sha kwana, sitiyari bai yi maka sakayau a hannu ba. Mai ɗauko yara daga makaranta da duhun Disamba ya san darajar wannan.

Doka ma ba ta bar zaɓi ba. Tun 2010 aka hana hawa titi mai ƙanƙara ko santsinta ba da tayar hunturu ba; wanda ya karya zai biya tarar yuro 60, a kuma rubuta masa makin laifi a rajistar direbobi da ke birnin Flensburg. Daga Oktoban 2024, sai mai tambarin dutse da ƙwayar dusar ƙanƙara ake karɓa. Rubutun M+S (alamar laka da dusar ƙanƙara) kaɗai a jikin taya bai wadatar ba. Jamusawa kan sa su daga Oktoba zuwa Ista.

Suna da nasu nauyin. Sau biyu a shekara sai ka nemi layi a gareji don a sauya su, wanda ba shi da ɗakin ajiya kuma ya biya kuɗin ajiya. A babbar hanya sun ɗan fi gunji. Amma ai muddin suna aiki, na bazara na hutawa, kowanne sai ya daɗe. Kan zallar ƙanƙara mai sulɓi kuwa, su ma sai an bi a hankali. Idan zurfin zanen ya ragu zuwa milimita 4 nakan canza, ba na jiran 1.6 ɗin da doka ta yarda.

Abin da ke damuna shi ne waɗanda aka gama da su a nan ana loda su a kwantena, su ɓulla a kasuwannin gida da sunan tayar Beljiyam. Robar da aka yi don sanyi ba ta jure kwaltar Kano ko Maraɗi a watan Afrilu: ta ci da wuri, birki ya yi tsawo. Don Allah, in za ku sayi ta hannu, ku duba gefenta. Kun ga hoton dutse mai kai uku da ƙwayar ƙanƙara a ciki, ku mayar wa mai shago abarsa.